Burgamin Kakanmu a Cikin Randa

Gara in faɗa tun yanzu: ni na sauke burgamin daga ƙusa. Ina aji huɗu a firamare lokacin, kuma na riga na cika wa Bulus, ɗan maƙwabtanmu a Tudun Fulani, baki cewa marigayi kakanmu ya taɓa kashe kuraye goma da harbi ɗaya. Ya ce sai ya ga shaida. Shaidar kuwa tana rataye a ɗakin Kaka: jakar fatar akuya da gashinta, ɗinkin hannu, ga ƙaho ɗaure a jikin maratayinta. Na cusa ta cikin rigata, ban kai ƙofa ba aka kira mu cin tuwo.

Da aka gama muka zagaye murhu kamar kullum. An ɗauke wuta, Kaka tana gasa mana masara. Ni ne na fi kowa kusa da garwashi, cikina ya yi tulu kamar na haɗiyi kabewa.

"Ga ta nan tafe," in ji Kaka, tana buɗe tatsuniya. "Mai gyangyaɗi ya matsa, kada ta taka shi."

Ta ce an yi wani maharbi a wajen Garatu. Baduku ya ɗinka masa burgami mai aljihu biyu, ɗaya na dalma, ɗaya na tsumman da ake danne albarushi da shi a cikin bindiga. Albarushin kansa yana cikin ƙaho. Dokar maharba ita ce, in ka dawo daga daji, a bishiya za ka rataye burgami kafin ka doshi murhun matarka. Ran nan ƙamshin miya ya ja shi, ya zauna bakin wuta da jakarsa a wuya. Sai tartsatsi ɗaya ya tashi.

"A Bosso aka tsinci gemunsa," in ji Kaka. "Hularsa kuwa har yau ba ta sauko ba."

Kowa na dariya, ni gumi ya jiƙe min wando. Ƙanwata Hajara ta ce, "Kaka, in albarushin ya tsufa fa?"

"Albarushi ba ya tsufa, 'yar nan. Jira yake yi."

Ta ɗauki mafici ta fifita garwashin, tartsatsi ya yo kaina.

Ihun da na kurma, na tabbata masunta a madatsar ruwan Tagwai sun ji shi. Na zaro jakar, na ruga na dulmiya ta cikin randa, na kwanta rub da ciki na toshe kunnuwa.

Babu abin da ya fashe. Da na ɗago, Kaka ce tsaye a kaina, ruwa na ɗiga daga burgamin a hannunta.

"Haba mai gidan," ta ce. "Tun ɗazu na ga igiyar tana leƙowa daga wuyanka. So na yi ka tsorata ka mayar da shi. Wa ya ce ka yi masa wanka?"

An daɗe da rabuwa da bindigar kakanmu. Jakar nan kaɗai ta rage mata daga kayan mijinta.

Na jima ina ɗauka darasin na albarushi ne. Yanzu in na tuna, ba maharbin Garatu nake gani ba. Hannun Kaka nake gani, kullum da yamma tana murza man kaɗanya a fatar burgamin.

Fatar ta bushe ta ƙandare, gashin ya zube. Ƙahon kuwa irin kuɓewa ta daɗe tana ajiyewa a ciki. Irin ya jiƙa ya fara tsiro, ta shuka shi a bayan ɗaki, muka sha miyarsa har bayan damina.