Daminar da Basiratu Ta Yi a Kwance

Shekara uku na yi ina haya a gidan Inna Fati, a bayan kasuwar Filinge, lokacin da nake koyarwa a lakwal ɗin unguwar, wato makarantar boko. Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Basiratu. Na san ƙarar turminta kafin in san sunanta, don ita ce ke fara daka a gidan, kuma ita ce ta ƙarshe da ke kife turmi.

Ƴar wani ƙauye ce kusa da Tabla. Uwarta ta rasu tana da shekara tara, sai ta bar lakwal a aji huɗu ta kama girki da ɗiban ruwa a gidan babanta, Baƙo, wanda noman gero kawai ya sani. Da ta girma ta shigo Filinge wurin wata goggonta, wadda ita ma daga baya ta rasu, ta koyi sana'ar kopto da dambu. Takan dafa zogale ta matse, ta haɗa da ƙuli da albasa da barkono, ta kai tasha inda motocin Yamai ke lodi. A nan Kailu ya gan ta. Soja ne ɗan Damana, siriri, Hausarsa da ƴar gargadar Zabarmanci. Kullum sai ya ce barkonon ya yi yawa, kullum kuma sai ya dawo. Suka yi aure, ya kama musu ɗaki a gidan Inna Fati. Ba ta kiran sunansa, Kaporal take ce masa.

Ciki biyu ta yi kafin wanda zan ba da labarinsa. Na farko ya zube a wata biyar. Na biyu ta haife shi a wata bakwai, namiji, bai yi kuka ba. Ba ta cika maganarsu ba. Sau ɗaya kawai ta ce mini, muna tsince zogale, da na biyun ya rayu da yanzu yana ajina.

Cikin na uku yana wata biyu aka tura su Kailu arewa, wajen iyaka. Bai faɗa mata sunan wurin ba, ita ma ba ta tambaya ba, matan sojoji sun san ba a tambaya. Ya ce wata uku zai yi. Wata uku ya wuce.

Cikin yana wata shida ta ga jini da safe. Ni na raka ta likita, wato asibiti. Bayan an ɗauki hoton cikin, wata ungozoma mai suna Madam Haske, dattijuwa mai tabarau da igiya a wuya, ta juya karnen Basiratu, wato katin awonta, ta zana tulu a bayansa, bakinsa yana kallon ƙasa.

“Kin ga nan? Nan ne hanyar da ɗa zai bi ya hito. To mabiyiya ta sauko ta zauna a kan hanyar. In kika ɗauki abu mai nauyi, ko kika yi daka, tana iya ɓallewa, jini ya ɓalle. Ba za ki haihu da kanki ba, aiki za a yi miki. Daga yau kwanciya ce aikinki.”

“Har yaushe, Madam?”

“Har ranar da muka ciro shi.”

“To in tahi gida Tabla in kwanta can.”

“A'a, ɗiyata. In jinin nan ya zo, minti ake lissahi, ba awa ba. Nan kusa da mu za ki zauna.”

Wannan a farkon damina ne. Sati biyu bayan haka aka rufe lakwal, ni kuma na tafi hutu gidanmu a Dogon Dutse. Ina iya zama, babu wanda ya tilasta mini tafiya. Na ce mata zan riƙa kira, na kira sau uku ko huɗu. Abin da ya biyo baya daga bakinta da bakin Inna Fati na ji shi.

Da damina gidan Inna Fati fayau yake zama. Inna kanta, duk da tsufanta, tana da gonar wake da kuɓewa a bayan gari, kuma ba ta da mai yi mata. Sauran ƴan haya biyu manoma ne, da iyalansu suke fita. Da safe Inna takan ajiye wa Basiratu fura a ƙwarya, da tulun ruwa, da buta, da fo a ƙarƙashin gado, ta ce, “Kada ki tashi, Allah shi ba ki lahiya,” ta ja ƙyaure. Daga nan sai la'asar.

Matar da ba ta taɓa wuni a zaune ba, ga ta a kwance kan gefen hagu tana kallon bango. Ta ce mini ta san lokacin da rana ke kaiwa bakin taga, da lokacin da tunkiyar Inna ke fara kukan ƙishi, ita kuma ba ta da ikon kai mata ruwa. Gara ta fara gini daga ƙasan bango, ta zuba mata ido kwana da kwanaki har ta kai azara. Daga tasha takan jiyo yaran mota suna kiran Baleyara, Yamai, ta san wata na zaune a wurinta. A kwance take salla. Da shirun ya yi mata yawa sai ta fara yi wa cikin magana ƙasa-ƙasa, tana koya masa yadda ake matse zogale kada ya yi ɗaci.

Babanta ya zo sau ɗaya, ranar kasuwa, da damin gero da zabuwa. Bai shiga ɗakin ba. Ya zauna a bakin ƙofa daga waje, ya ba ta baya.

“Ya jiki?”

“Da sauƙi, Baba.”

“Ruwa ya yi mana kyau bana. Gonar gabas har ta rufe tsuntsu.”

Ya yi zancen gona, ya yi zancen jakin maƙwabcinsa da ya ɓata. Kunya ba ta bar shi ya ambaci abin da ya kawo shi ba. Da zai tashi ya daɗe yana gyara takalminsa, sannan ya ce, “Uwarki ma ta sha wuya a kanki, ta kuma tashi.” Ya tafi don kada motar Tabla ta bar shi.

Kailu kuwa sai ya hau wani tudu kusa da inda suke kafin salularsa ta kama rezo, wato sabis, kuma ba kullum ake barinsu su hau ba. Kiransa yakan zo sau ɗaya a sati, wani lokaci a kwana goma, minti biyu ko uku. Yakan ce lafiya lau. Ita ma ta ce lafiya lau. Ba ta faɗa masa tana kwance ba. Ta ce mutumin da ke riƙe da bindiga bai kamata a raba masa hankali biyu ba.

Akwai wani zaure na matan sojoji a salula da aka saka ta ciki, yawancinsu mazauna bariki ne, ba ta san fuskokinsu ba. Shi ne abokin hirarta, takan saurari muryoyinsu suna zancen suna da biki. Wata ranar Talata da hantsi sai wata ta turo murya tana kuka, wai an kai hari wani sansani a arewa, an rasa mutane. Ba sunan wuri, ba sunan kowa. Muryoyi suka yi ta shigowa, kowace da nata. Basiratu ta kira lambar Kailu har batir ya mutu.

Kwana goma sha ɗaya ba ta ji shi ba. Ƙafafunta suka kumbura, kanta ya riƙa sarawa. Madam Haske, wadda kan biyo ta gidan in ta tashi daga aiki, ta auna jininta, ta cire tabarau.

“Mi kike saurare a cikin abin nan?”

Basiratu ta kunna mata. Madam Haske ba ta bari ya kai ƙarshe ba, ta fitar da ita daga zauren da hannunta.

“Waɗannan ba su san komi ba, tsoro suke raba ma juna. In wani abu ya same shi, mutane za su zo har ƙohwar gidan ga su hwaɗa miki. Tunda ba su zo ba, ki sha maganinki.”

Da nufin kwantar da hankali ta faɗa, amma daga ranar duk motar da ta rage gudu a layin sai Basiratu ta riƙe numfashi har ta wuce.

A rana ta goma sha biyu salula ta yi ƙara. “Ni ne,” in ji Kailu. Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Shi kuma ya yi ta cewa alo, alo, yana zaton rezo ne ya yanke. Da muryarta ta dawo sai ta faɗa masa duka, da tulun da aka zana, da jinin, da wata biyun da ta yi a kwance. Ta ji iska na kaɗawa a wurinsa.

“Don mi ba ki hwaɗa mini ba?”

“Kai ma ba ka hwaɗa mini naka ba, Kaporal.”

Ya ce zai nemi izinin zuwa. Bayan kwana shida ya kira ya ce babu mai barin wurin sai an kawo waɗanda za su canje su. Amma ya yi magana da wani abokinsa a barikin Filinge, Sarjan Tahiru, ya ba shi lambar Madam Haske, Sarjan kuma ya kira ta ya bar mata tasa.

Ranar da abin ya faru cikin yana wata takwas da ƴan kwanaki. Bayan azahar ne, an yi ruwa da safe, kowa yana gona. Ba ta tashi ba, ba ta ɗauki komai ba, juyawa kawai ta yi sai ta ji ɗumi ya bi ƙafafunta. Ta duba, zanen gado ya rine. Ta yi kira sau biyu, tunkiya ce kawai ta amsa. Sai ta lalubo salula ta danna lambar Madam Haske, ta ce, “Ya zo,” ta kwanta tana kallon azara tana karanta abin da ta iya.

Motar likita ta kasa shiga layin saboda taɓo. Direba da wani mai shago ne suka ɗauke ta a tabarma har bakin hanya. A likita aka kawo takardar yarda da aiki, mai riƙe da ita ya ɗaga kai ya ce ina mijinta. Aka ce yana bakin aiki. Ina uwarta, ina ubanta? Basiratu ta ɗaga hannu ta ce a ba ta biro. Ta rubuta sunanta da rubutun aji huɗu, harafi ɗaya-ɗaya, sannan aka tura ta ciki.

Ta zubar da jini mai yawa. Madam Haske ta kira Sarjan Tahiru, kafin rabin awa ya iso da sojoji huɗu a bayan mota. Inna Fati, wadda aka je aka kira daga gona, ta zo da taɓo har gwiwa, ita ta gan su zaune a benci sun naɗe hannun riga. Ta ce akwai wani ƙato a cikinsu da ya kau da kai ya rufe ido da aka kawo allura, sauran suna yi masa dariya. Uku daga ciki jininsu ya dace. Suka sha lemo suka koma bariki. Basiratu ba ta taɓa ganin fuskarsu ba.

Ta farka washegari da hantsi. Mace aka ciro, ƴar mitsitsiya, ba ta kai kilo biyu ba, amma ta yi kuka. Likita ya ce wa Basiratu kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara uku, kuma ko a lokacin a hannunsu za ta haihu.

Tana gadon likita aka yi suna. Baƙo ya zo da rago, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Inna Fati, maza bakwai ko takwas. Kailu ya turo murya tun kwana biyu kafin ranar, ita aka kunna wa liman ya ji sunan: Ummulhairi. Da yamma Inna ta kawo mata nama a kwano ta ce an yi lafiya.

Na dawo ƙarshen Satumba na same ta a bakin ƙofa, ta rame, jaririyar a ƙirjinta cikin zane. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni ta ce in riƙe mata Ummul ta shiga wanka.

Kailu ya zo lokacin girbi, kwana biyar aka ba shi. Ya tsaya a ƙofar ɗaki da jakarsa ya kasa shiga, sai da Inna ta ce, “Kai, ɗakinka ne fa.” Da aka miƙa masa yarinyar ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar za ta fashe. Yawancin kwanakin barci ya yi. In iska ta buga ƙyaure sai ya zabura. Da la'asar sukan zauna a inuwar bango, shi da ita da Ummul, ba sa cewa komai mai tsawo. A rana ta shida da safe ya ɗauki jaka, ita kuma ba ta iya raka shi ko bakin hanya ba, saboda ɗinkin bai gama warkewa ba.

An canza mini wurin aiki a shekarar da ta biyo baya, amma muna waya. Ta koma sana'arta. Kailu yanzu yana can gabas, wajen Difa, sau uku ya ga ɗiyarsa. Ummul ta fara gudu, ba ta barin kajin Inna su huta. Kwanan baya na kira Basiratu na ji muryarta a dishe, ta ce masassara ce ta kwana biyu. Na ce to ta shiga ɗaki ta kwanta mana.

“A'a, Madam,” in ji ta, don haka take kirana. “Ni da kwanciyar rana mun rabu. Ina nan zaune ƙohwar gida, inda mutane ke wucewa.”