Cokalin Yaya Sale da Turmin Inna

Kowa a ɗakin nan ya san Yaya Sale ba ya shan ruwa a kofi sai ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya kara a kunne. Cokalin shayi ne mai lanƙwasasshen wuya, kullum yana aljihun gaba. Ƙofa, tulu, kujera, kan yaron da aka yi wa sabon aski, babu wanda ya tsira. Kun ce in sa muku kaset ɗin Inna ku ji. Zan sa, amma ku bar ni in ba ku labarinsa tukuna, don in ya fara juyawa ba zan iya magana ba.

Tun yana ƙarami Yaya ba ya kallon ƙwayar idon mutum, ba ya son a dafa shi ba zato. In makaɗa suka shigo unguwa sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Mutanen Gwaram suka ce iska ce. Inna ta ce babu wata iska, Allah ne ya buɗe masa kunne fiye da namu. Yanzu 'ya'yanmu da suka yi karatu suna cewa likitoci na da sunan irin wannan halitta. Mu dai Yaya muka sani, mai gyaran rediyo a zaure.

Ranar da Malam Garba ya fara zuwa zance wurina, ya zo a kan wani babur sai ƙyalli yake, ya kafe shi a ƙofar gida yana ta gyara hula. Yaya ya fito, ko sallamarsa bai amsa ba, ya zaro cokali ya ƙwanƙwasa tanki.

"Na Idi mai shayi ne," in ji shi. "Kuma man ba zai mai da kai gida ba."

Ga Malam nan zaune yana sunkuyar da kai, ku tambaye shi. Tura babur ɗin ya yi har gida! Ni kuma na aure shi duk da haka, oh ni Asabe.

Da aka ba mu Jihar Jigawa kowa ya zama mawaƙi, har ni da nake koyarwa a firamare. Na rubuta baitocina, na tsaya a tsakar gida ina karanta wa Inna, ina wani jan murya. Daga zaure sai muka ji Yaya:

"Layi na uku yana ɗingishi."

Na ce, "Haba Yaya, ka ma ji abin da waƙar take cewa?"

"Ban ji ba. Ɗingishin ya hana ni."

Ya shigo ya zauna yana buga cokali a bakin faranti, ya ce in bi. Na bi. Wallahi layin gurgu ne! Daga ranar muka zama abokan aiki: ni in rubuta, shi ya ɗauka a kaset. Bai yarda da ganga ko kalangu ba. In baiti na ruwa ne, sai ya sa ƙarar guga a rijiya a ƙarƙashin muryata. In na noma ne, ya bi manomi da rikoda kunya-kunya. Rikoda biyu yake jerawa, ɗaya na juya sautin, ɗaya na ɗaukar mu gaba ɗaya. Kuma kalma ɗaya ya iya idan na gama karatu: "Sake." Ranar da muka kai shi duwatsun nan na Birnin Kudu masu amo in an buga su, cewa ya yi mu tafi abinmu, a riƙa aiko masa da tuwo.

Sai waƙar kasuwa. Yaya ba ya iya shiga kasuwa, hayaniya zafi take masa kamar an watsa masa barkono a kunne. Muka je Basirka ranar kasuwa, ya zauna can nesa a gindin tsamiya da auduga a kunne, ya ɗora min rikoda. Na zagaya 'yan hatsi, na zagaya karar shanu, rana ta gasa ni. Na dawo ya saurara, ya ɓata rai.

"Kin yi numfashi."

"To in mutu?"

"A'a. Ki dai riƙe. Sake."

Na koma, jama'a. Na koma!

To, sai Inna ta rasu. Yaya bai yi kuka ba. Ana zaman makoki, gida cike, ya ratsa cikin mata ya ce, "Wa ya ɗauke turmin Inna daga gindin darbejiya?" Mutane suka riƙa kallon juna. Na ji wata tana cewa, "Wannan ai ba shi da zuciya." Ni kaina abin ya yi min ciwo, na kwana biyu ba na son ganinsa.

Bayan arba'in na rubuta wa Inna waƙa, wadda duk rayuwata ban yi kamarta ba. Na karanta masa. Bai ce layi na ɗingishi ba. Cewa ya yi, "Dakanta za a sa a ƙarƙashin muryarki." Sannan ya ce, "Ban taɓa ɗauka ba. Kullum ina jin sa, na zaci yana nan."

Sai ya shiga neman dakan Inna a hannun matan gari. Duk macen da ta shigo gidanmu sai ya miƙa mata taɓarya. Goggo Hansai ta daka, ya ce sauri ya yi yawa. Matar liman ta daka, ya ce fushi take da geron. Har wata baƙuwa da ta zo biki daga Fagam sai da ya sa ta cire mayafi ta daka, ta gama tana haki, ya ce, "Sake." Ta ce, "Saken ƙaniyarka!" ta yar da taɓarya ta fita. Ashe Inna na da ciwon kafaɗa, in ta buga sau biyu sai ta ɗan dakata kafin na uku. Na gwada yin hakan da gangan, ya ce, "Ƙarya kike wa turmin."

Shekaru suka yi ta tafiya, waƙar Inna na ajiye. Kaset ya ɓace a kasuwa, yara suka ce ga waya tana ɗaukar murya. Ya ce waya tana matse sauti kamar an cusa shi a buhu. Ya ɓoye kaset ɗaya sabo fil a ƙasan akwati, ko ledarsa bai cire ba. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce Yaya mu ɗauka haka nan, kada mu mutu ba wanda ya ji ta. Ya ce Inna ba haka nan ba ce.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Ba ya cin komai sai kunu, kuma bai yarda da niƙan inji ba, wai yana jin ƙarfe a ciki. Wata safiya na jawo turmin Inna ina daka masa gero. Kun san tun da furfura ta kama ni kafaɗar nan ta dama ba ta bar ni lafiya ba. Ina daka ina cije leɓe, sai na ji muryarsa daga ɗaki, siririya:

"Kar ki tsaya."

Ya sa Malam Garba ya buɗe akwati, ya yage ledar nan. Aka ɗauki dakan a wani tsohon kaset, sannan aka sa sabon, na zauna a bakin gadonsa na karanta waƙar, dakan na tafiya a ƙarƙashin muryata: biyu, ɗan shiru, sannan na uku. Yaya ya juya fuska bango. Kukan da bai yi ba ranar makoki, ran nan ya yi shi. Da na kai ƙarshe muryata ta karye, na ja numfashi da ƙarfi, na san ya shiga kaset. Na zauna ina jiran ya ce in sake.

Ya ce, "Ya yi."

Bai ƙara mako ba. Cokalin yana wurina. Tun da ya tafi na rubuta baitoci da dama, kuma ban san wanda yake ɗingishi a cikinsu ba, don babu mai gaya min. Wallahi ina kewar a ce min in sake.

Allah ka ji ƙan Yaya Sale, ka ji ƙan Inna. Ka sa kabarinsa ya yi shiru irin wanda yake so, ka haɗa su a Aljanna inda zai ji ta da kunnensa. Malam, danna mana.