Ranar da Yaya Ya Leƙa Madubi

A gidansu Uwar Ɓeraye suke kiranta, tun da ta fara aiki a ɗakin binciken. Aikin nata ba wani mai ban tsoro ba ne. Akwai wata tsoka a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu yin insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. Ita za ta yanka wannan tsoka ta ɓera siriri-siriri, ta shafa mata launi, ta sa a madubin hangen ƙananan abubuwa, ta nemi ƙwayar da ke rabewa gida biyu. Ƙwayoyin nan kuwa ba su cika rabuwa ba. Ta shiga aikin da idonta garau, yanzu tabarau take sawa, wuyanta ya sankare, masu ɗaukar hoton bikinta ma sun rufe shago, ƙwayoyin suna nan yadda ta same su.

Kuskurenta ɗaya ne. Wata rana ta dawo da fara'a, ta ce a gaban kowa yau ta ga sun rabu da yawa, saboda wani magani da ake gwadawa. Yayanta tela ne, ciwon sukari ya daɗe yana cinsa. Ya ji, ya soma tsallake allurarsa ta insulin. A ganinsa, mai ƙanwa a wurin ba ya bin layi.

Matarsa ce ta kai ƙara, bayan ya fara kasa zura zare a allurar keke.

Uwar Ɓeraye ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare mata tuntuni. Ta kawo shi wurin aiki, ta zaunar da shi a kujerarta mai ƙara, ta daidaita masa madubin.

"Yaya, nemo mini guda ɗaya mai rabuwa."

Ya duba, ya duba. Ya canza ido. Ya ce duk kamar yadi mai ɗigo-ɗigo ne.

"Haka nake gani kullum."

"To waɗanda kika gani ranar fa?"

"Na ɗan ɓera ne, ko yaye shi ba a yi ba."

"Na mutum fa?"

"In ya manyanta, da ƙyar suke motsi. Kai kuma, Yaya, ka manyanta."

"Ke dai ba ki da ladabi." Ya murza idonsa. "Yanzu duk shekarun nan ɓeraye kike wa magani?"

"Su ma ban gama da su ba."

Ya zauna yana kallon firjin da ke gurnani a lungu. Can ya tambaya ko allurar da ya bari a aljihun tebur, cikin zafin shago, tana da sauran amfani. Ta ce babu. Ta cire farar rigarta ta rataye, suka gangara kantin magani, shi a gaba yana mita, ita a baya tana dafe da wuya.