Lambar da Sanusi Ya Bari a Bangon Ɗakina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɓarar gyada ran Talata direban motar garin Cadawa ya yi sallama, ya kasa dubana. Ya ce Sanusi jikana, mijina na wasa, zazzaɓi ya ɗauke shi a Maraɗi.

Tun da ya gama lakol, makarantar boko, aikinsa rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, umarni, da wani yare da ya ce sunansa mesa. Na ce, "Maigida, duk yaren duniya sai na maciji?" In ya zo hutu, ya aza wayarsa gabana, in yi tatsuniya tana ɗauka. Kowace tatsuniya sunanta doguwar lamba. Layi guda yake rubutawa, na'urar ta faɗa mashi daƙiƙa nawa suka wuce tun farkon shekarar 1970, ta liƙa wa tatsuniyar a matsayin suna.

Na ce, "Ni da aka haifa kafin nan hwa?"

Ya ce, "Amarya, taki lambar ƙasa da sifili take."

Na jefe shi da ɓawon gyada. Yakan ce, "Agogon gari-gari kan saɓa, wannan ƙidaya ɗaya ce ko'ina." Bai taɓa katse ni ba, ko na maimaita labari sau uku. Dariyarsa duk tana cikin abin da wayar ta ɗauka.

Abin da ya biyo baya ne har yau yake tada mani zuciya. Ba a yi sadakar bakwai ba, Idi, ƙanen ubansa, ɗan cikina, ya ɗauki ordinatar da wayar. Ya ga lambobi jere ba suna, ya ce shara ce, ya sa aka goge duka don ya zuba finafinai. Da bakinsa ya gaya mani, yana cin goro.

Na ce, "Idi, ka buɗe ko guda?"

"Inna, lambobi ne kawai."

Tir. Muryar yaron da tawa, shekara huɗu. Ko akuya tana shinshina abu kafin ta taka.

Lamba guda ta rage. Zuwansa na ƙarshe ya rubuta lambar lokacin da gawayi a bangona, lambobi goma a jere, wai shaidar na yi alkawarin ƙarasa mashi labarin kura. Idi na maganar yaɓe kafin damina. Na ce duk wanda ya taɓa bangon nan, ya nemi wata uwa.

Allah Ka jiƙan Sanusi, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba uwarsa Hadiza haƙuri. Idi kuma, Allah Ka shirye shi, don ni ban huce ba tukuna.