Malamar Da Ta Tsaya Inda Batul Ta Faɗi

Tun rana ba ta yi ƙwari ba Malama Lizzy Bernard take fitowa bakin titin Tumfure, jaka a kafaɗa, laima a hammata, tana jiran keke napep. Masu keken hanyar sun san halinta sarai: ba ta shiga in an cusa mutum huɗu a baya, kuma direban da ya yi gudu da ita sai ya sha faɗa, balle in ta taɓa koyar da shi. Ta sauka a firamaren Nasarawo, ta gaisa da mai gadi, ta leƙa randar aji ta ga ko an wanke, ta jera alli, sannan ta fita taron safe. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa, ashirin daga ciki a wannan firamaren, kuma makon jiya ta ajiye aiki.

Malamai da yawa sun yi irin wannan daɗewar, Allah ya saka musu. Amma ita akwai zango guda na damina, shekara goma sha uku da suka wuce, wanda ya sa dole a ambaci sunanta a gaban jama'a, ko da wasu za su ji kunya. Su ji ɗin.

A makon farko na zangon, ana tsaye a taron safe, wata yarinya 'yar aji huɗu mai suna Batul ta yanke jiki ta faɗi. Jikinta ya kama karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Farfaɗiya ce. Kafin ka ce kwabo fili ya dare, yara da malamai kowa ya ja da baya, har da masu riƙe hanci. A garin nan an daɗe ana cewa wanda ya taɓa yawun mai farfaɗiya, ko ya taka inda ya faɗi, shi ma ya ɗauka. Malama Lizzy ce kaɗai ta nufi wurin. Ta durƙusa, ta juya yarinyar ta kwanta ta gefe, ta sa mata jakarta a ƙarƙashin kai, ta goge mata baki da gefen zanenta, ta jira har ta farfaɗo.

Da aka kai Batul gida, sai ga Baba Iro mai gadi da rungumen busasshen ganyen dogonyaro da ashana. Haka aka gada: a ƙone wurin, wai wuta ta cinye cutar kafin wani ya taka. Ba mugun mutum ba ne Baba Iro, abin da ya ga iyayensa suna yi ne. Ya tarar da Malama tsaye a daidai wurin, ta cire takalmi.

Ya ce, "Malama, matsa in yi aikina."

Ta ce, "Ƙyasta, Baba. Amma da ƙafata za ka haɗa."

"Haba Malama, don yaran nan nake yi."

"Ni ma don su nake yi. In ka ƙona wurin nan a gabansu, ka gama gaya musu Batul ƙazanta ce, kuma ba darasin da zan yi ya goge musu wannan."

Baba Iro ya mayar da ashanarsa aljihu ya koma ƙofa yana girgiza kai. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Aka ce ai ba 'yar nan ba ce, daga Biliri ta zo, me ta sani game da al'adar mutane. Masu wannan maganar ba su san cewa ta fi su sanin al'adar ba, don a ƙauyensu ma haka ake yi. Tana shekara goma ƙanwarta Nancy, mai irin wannan ciwo, ta faɗa cikin murhu. Gidan cike yake da mutane, amma aka tsaya neman sanda da za a jawo ta da shi, don kada a taɓa ta. Lizzy tana cikin waɗanda suka tsaya. Nancy ta rayu da hannu ɗaya a shanye, kuma har yau in Malama ta ba da labarin ba ta sassauta wa kanta. Cewa take yi, "Ina da hannu biyu, na tsaya ina kallo."

Batul ba ta dawo makaranta ba. Wasu iyaye sun riga sun je wurin hedimasta sun ce ko ita ko 'ya'yansu, shi kuma mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, ya ce a bar kaza cikin gashinta. Ran Juma'a bayan an tashi, Malama ta nufi gidan mahaifin yarinyar, Malam Hudu tela, ta same shi a zaure kan keken ɗinki.

Ya ce, "Malama, na gode da abin da kika yi, Allah ya biya ki. Amma karatun nan ya ƙare. Tun ranar, mutum uku sun aiko an karɓi yadinsu ba a ɗinka ba. Ba zan kai ta inda za a riƙa gudunta kamar kura ba. Ta zauna gida, ta fi mutunci."

"Baban Batul, ciwon nan ba a ɗaukarsa. A asibiti akwai maganinsa."

"Ke kika faɗa. Su ba su yarda ba, ni ma in gaya miki gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba."

Ta ce, "To, gani ya kori ji. Na taɓa yawunta, na taka wurin. Daga yau kullum a inda ta faɗi zan tsaya a taron safe, ba takalmi, har zangon nan ya ƙare. In na faɗi, ka riƙe 'yarka, ba zan sake zuwa ƙofarka ba. In ban faɗi ba, ka dawo mini da ita."

Malam Hudu ya tsayar da kekensa. Ya ce, "Na yarda."

Kowa dai ya san farfaɗiya ba ta zuwa daga ƙasa, in ya tambayi masu ilimin abin. Amma Malama ta san ba da likitoci take jayayya ba, da idon unguwa take yi, kuma idon unguwa ba ya bambance faɗuwa da faɗuwa. Ko santsi ne ya kwashe ta, ko fashi ta yi na kwana ɗaya, magana ta ƙare: an ce ta faɗi a gida an ɓoye. Karatun Batul gaba ɗaya ya koma kan ƙafafun mace ɗaya.

Aka zuba ido. Mata masu sayar da awara da ɗanwake a bakin makaranta suka riƙa zuwa da wuri don su leƙa ta katanga. Wani malami ya daina zama kusa da ita a ofis, wata ta daina karɓar biro daga hannunta. Ita kuwa kullum sai ta ajiye takalmi gefe, ta taka wurin, ko da ruwan dare ya mai da shi taɓo, ta tsaya ƙyam har a gama taken ƙasa. In an watse ta juya wajen katanga ta ce, "Ina kwananku? Yau ma ban faɗi ba, sai ku dawo gobe." Ranar Juma'a kuma ta biya ta kai wa Batul aikin mako, ta duba na baya. Ita ce ma ta raka uwar yarinyar asibiti har aka ɗora Batul kan magani.

A mako na tara zazzaɓin cizon sauro ya kama Malama, irin mai karya gaɓoɓi. Mijinta ya ce ta kwanta, ta ce in ta kwanta yau Batul ta kwanta ke nan har abada. Ta sha magani ta hau keke. Da ta tsaya a wurin, haƙoranta na haɗuwa, gumi na zuba, sai ta ji ƙasa tana juyawa da ita. A ranar kam ta ji tsoro, ita da kanta ta faɗa. Ba ciwon take tsoro ba, tsoronta ta zube a gaban yara ɗari shida ta tabbatar musu da ƙaryar da ta zo rushewa. Idonta ya fara rufewa.

Sai ta ji murya a kusa da kunnenta. Baba Iro ne. Mutumin da wata biyu yake zagaye wurin nan in zai wuce, yau ga shi tsaye a kai da ƙafafunsa biyu, yana miƙo mata sandarsa ta gadi.

Ya ce a hankali, "Riƙe nan, 'yata. Dogara da ƙarfi. Saura kaɗan a gama."

Ta riƙe. Shi kuma bai matsa ba, ya tsaya a gefenta a cikin taɓon har aka watse. Da masu awara suka tare shi daga baya suna cewa Baba ka taka fa, sai ya ce, "Na taka. Ku ƙara ni cikin waɗanda kuke jira."

Ke ce wannan, Malama. Murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya. Ke ce kika gane cewa mutanen da ba sa jin bayani suna ganin tsayuwa, kika ba su tsayuwar har suka gaji da kallo. Ba ki zagi al'adar kowa ba, ba ki kira kowa jahili ba, ko da yake da kin kira ba ki yi ƙarya ba. Kin dai hana a ƙona ƙasa a bar yarinya da tabon.

Zango ya ƙare Malama ba ta faɗi ba. Ranar farko ta sabon zango, Malam Hudu da kansa ya riƙo hannun Batul har ƙofar aji. Bai yi dogon jawabi ba, ya ce, "Malama, ga amanarki." Ba kowa ne ya sauko ba, kada a yi wa labari kwalliya: gida biyu sun cire 'ya'yansu, kuma akwai waɗanda har yau in sun ga Malama a kasuwa suke kau da kai. Batul ta sake faɗuwa sau biyu kafin ta gama firamare. A na biyun, kafin Malama ta iso daga ofis, 'yan ajin sun riga sun janye benci, sun juya ta gefe, ɗaya ta sa mata ɗankwali a ƙarƙashin kai, suna zaune suna jira ta tashi.

Yanzu Batul ta gama kwalejin horon malamai, kuma an turo ta wannan makarantar, aji uku. Tun kafin ta fara, gunaguni ya soma tashi a unguwa, don tsohuwar magana ba ta mutuwa da sauƙi. A wurin walimar sallamar Malama, bayan an gama jawabai, wata uwa ta miƙe ta tambayi abin da da yawa suke ɓoyewa a ciki.

Ta ce, "Malama, ba don komai ba, amma ke kin tafi. In Batul ta faɗi a gaban yara fa?"

Malama ta ce, "Sai su juya ta gefe, su jira ta tashi, ta ci gaba da darasi. Yara ba sa wuyar koyon wannan, mako ɗaya ya ishe su. Ku ne dai shekara goma sha uku ba ku iya ba."

Ba wanda ya tafa, kuma ba wanda ya sake tambaya.

Mun gode, Malama Lizzy. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya sa ki ga jikokin waɗanda kika koyar. Ku kuma da kuke karanta wannan, malamai ne ku ko 'yan kasuwa ko masu keke, ba a ce ku yi zango guda a cikin taɓo ba, wannan an riga an yi muku. Abin da ya rage ƙarami ne: ranar da wani ya faɗi a gabanku, a aji ko a bakin titi, kada ku ja da baya, ku durƙusa. Masu yara a aji uku kuwa, ran Litinin ƙarfe bakwai da rabi Malama Batul za ta kira suna. Ku turo su da wuri.