Ƙwan Zabin Kaka da Fitilar Babur

Duk lokacin da na ji warin ƙaiƙayin gero ya ɗauki zafi, sai in tuna tsohuwar tukunyar Kaka a gidanmu na Matankari, da daminar da na shiga kolej.

A shekarar ciwo ya share wa Kaka zabinta, farare tas, irin da take ji da shi tun ƙuruciyarta. Ƙwai kaɗan kawai suka rage. Kun san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kaza ake sa wa ƙwanta. Saura kamar mako a ƙyanƙyashe, muzuru ya ɗauke kazar da ke kwance a kansu. Da safe na tarar da Kaka zaune, ta rungume ƙwan cikin zaninta. Matar da ba ta barin kowa ya sha iska da tsiya, ranar ko kallona ba ta yi ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Kawuna yana cajin wayoyin mutane da sola da batir. Na dame shi har ya jona fitilar gaban babur, ya rataya ta cikin tukunya mai ƙaiƙayi don ta ɗumama ƙwan. Nan da nan ƙaiƙayin ya soma wari. Kaka ta sa hannu ta janye da sauri.

"Dahwa min su za ku yi?"

Kawu ya zare wayar fitilar. "Ga ta da shan batir kuma. Ni ba ni iyawa."

Ni kuwa Allah ya yi ni da naci, ga darasin lantarki bai daɗe da shiga kaina ba. Na ɗauko mitar Kawu ta auna wuta na gwada. Batir volt goma sha biyu, fitilar tana jan amfiya uku. Na zana a ƙasa da tsinke: sha biyu sau uku, wat talatin da shida, zafin ke nan da ya so ya dafa ƙwan. Sha biyu a raba uku, turjiyarta om huɗu kacal, shi ya sa wuta ke kwarara cikinta. Mai turjiya da yawa muke bukata. Na kwance ƙaramar fitilar sigina, ita amfiya ɗaya take ja: om sha biyu, wat sha biyu.

"Kawu, wagga sulusin waccan ta ka ci."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "In batir ya mutu, da lissahi za ki caja wayoyin mutane." Amma ya jona.

Kaka ba ta yarda da mita ba. Ƙwai take ɗorawa a fatar idonta, ta ce a ɗaga fitilar ko a sauke. Ita ke juya su, ita ke yayyafa musu ruwa.

Wata azahar ina dawowa daga makaranta, tun daga bakin rijiya na jiyo guɗarta. Ba duka suka fito ba, amma ga 'yan tsaki sun cika tukunya da ciu-ciu. Na yi ta tsalle har da hawaye. Maƙwabta suka cika gidan, wata ta tambaya wace kaza ta yi wannan aiki. Kaka ta nuna ni da haɓa.

"Uwassu ce nan, yanzu ta taso lakkol."

Yau sola nake haɗawa a Dogon Dutsi, injinan ƙyanƙyasa kuma da kansu suke auna zafi, babu mai sa ƙwai a ido. Kaka ta rasu. Amma in na je gida, fararen zabi ke fara tarye ni da hayaniya, yara kuma suna kirana uwar zabi. Ina amsawa, da ƙarfi ma.