Ashraf, Tagarka Ta Tara Mu

A ranar Talata, 17 ga Agusta, 2004, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Ashraf Garba, mai shagon intanet na Titin Bauchi, ya rasu bayan ciwon sikila da ya sha fama da shi tun yana yaro. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni ne Ishaku Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagona da nasa.

Ashraf, ban taɓa ganin mai taurin kai a kan zumunci irinka ba. Kai da Cyprian kuka buɗe shagon nan. Rikicin addini na 2001 ya raba ku, ya koma Anguwan Rukuba, kai kana Anguwan Rogo. Ya rantse ba zai ƙara taka unguwarmu ba, kuma ban ga laifinsa ba, don na san abin da idonsa ya gani. Kai kuwa ka ce sai dai bayan ranka za ka bar shi ya ɓace maka.

Ko a kwamfuta ma kun rabu. Shi yana hira ta MSN saboda ƙanwarsa Adaeze da ke Ingila, kai da ɗaliban jami'a kuna Yahoo, wasu kuma suna wani wajen. Tsofaffin kwamfutocinka in aka buɗe manhajar hira biyu a lokaci ɗaya sai su sume. Haka ka yi ta tono har ka samo wata manhaja da ke haɗa su duka a taga ɗaya. Kyauta ce, masu sa kai suka rubuta ta, kuma kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Na ce maka abin banza ba ya ƙarko. Ka yi dariya ka ce, "Ishaku, ruwan sama ma ai kyauta ne."

Ka zuba ta a faifai kana rabawa, har masu shagunan da ke ƙwace maka kwastoma. Ka aika wa Cyprian nasa ta hannun ɗan acaɓa. Tun daga nan kullum da safe sai na ji ka ta bango kana ƙyalƙyala dariya kai kaɗai, na san ku ne kuke tsiyarku.

Ranar da ka rasu aka sa jana'iza bayan la'asar. Gawa ba ta jira, jihar tana cikin dokar ta-ɓaci, yawancin mutanenka ba su da waya, wasu ma sunan hirarsu kaɗai muka sani. Na karɓi makulli na buɗe shagonka. Na kunna kwamfutarka, tagar nan ta buɗe da kanta, kamar yadda ka saita ta. Da yatsa ɗaya na rubuta cewa ka rasu, da wurin jana'iza da lokacinta, da sunana, a layin da kake rubuta "ina nan". Saƙon ya bayyana ga kowa, ko ta wace hanya yake hira. Cyprian ya rubuto, "Oga Ishaku, da gaske?" Na ce da gaske. Sai sunansa ya dusashe. Wallahi raina ya ɓaci, na ɗauka shi ke nan.

Da aka idar da la'asar layinku ya cika ya batse. Ga ɗalibai, ga masu shaguna, ga Yarabawan kasuwa. Sai ga Cyprian a ƙafa, ruwa ya jiƙa shi sharkaf, da mutanen Anguwan Rukuba a bayansa. Suka tsaya gefe har aka sallace ka. Da aka ɗaga makara ya matso ya sa kafaɗa, ba wanda ya hana shi. Bai sauke ba sai maƙabarta.

Ka ci nasara, Ashraf. Ya rantse ba zai zo ba, ka kawo shi har ƙofar gida.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Maimunatu, da matarka Ummusalma, da 'yarka Fiddausi. Allah Ya ba ku haƙuri. Haka ma Cyprian, wanda ya zauna tabarmar makoki tare da mu har sadakar uku, jama'a na yi masa gaisuwa kamar ɗan gida. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.